Zobe ko na'urar haske: wanne ya fi bin sawun tsuntsun teku?

Masu nazarin tsuntsayen tekunan arewa suna da hanyoyi daban-daban na sanin inda tsuntsu ya nufa; ga biyu daga ciki. Tsohuwar ita ce zobe, ɗan ƙarfe mai lamba da ake maƙalawa a ƙafa, dabarar da wani malamin makaranta a Denmak, Hans Mortensen, ya soma a 1899. Ga arha, ga ƙarko. Sai dai labarinsa gajere ne: inda aka sa shi da inda aka tsince shi. Wani ɗan tsakon tan na Aktik (tsuntsun teku mai doguwar ƙaura) da aka sa wa zobe a tsibiran Farne na Ingila a 1982, bayan wata uku sai ga shi a Melbon ta Ostiraliya. Ta ina ya bi? Oho.

Ita kuwa na'urar auna haske, mai nauyin giram 1.4, wadda ita ma ake maƙala wa tsuntsu a ƙafa, fitowar rana da faɗuwarta take rubutawa, daga nan a lissafo wurin. Da ita aka nuna a 2010 cewa tsuntsayen tan na Girinlan na cin kilomita 70,900 a shekara, har da yada zango a tsakiyar Atlantika. Takan kauce da kusan kilomita 200, kuma sai an sake kama tsuntsun kafin a karanta ta. Duk da haka, ni ita zan ɗauka.