Sharhi kan ƙona jijiyar hanci don maganin haɓo ga yara

Ɗana yana cikin yaran da haɓo ke yawan damu, galibi da daddare, kuma kullum ta ƙofar hanci ɗaya. Bayan man da likita ya rubuta mana, mai ɗauke da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta, ya rage jinin amma bai tsayar da shi ba, sai aka tura mu wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda ya ba da shawarar a ƙona jijiyar da sinadarin silba naitiret.

Kalmar ƙuna ta tsorata ni da farko, alhali babu wuta a cikin aikin. Likitan ya haska hancin ya nuna mini wurin, a gaba-gaban shamakin da ya raba ƙofofin hanci biyu, inda ƙananan jijiyoyin jini suka haɗu a ƙarƙashin fata marar kauri, kuma daga nan ne mafi yawan haɓon yara ke fitowa. Ya sa maganin kashe zafi, ya jira ya kama, sannan ya taɓa jijiyar da wani siririn tsinke mai sinadarin a kansa na 'yan daƙiƙoƙi. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ya tambayi ko yaron yana yawan samun tabon tararren jini a jiki, ko akwai mai matsalar daskarewar jini a dangi, kuma ya bayyana cewa ba a ƙona ɓangarori biyu a rana ɗaya, domin hakan na iya huda shamakin.

Aikin ba ya rasa wahala. Yaron ya yi hawaye da atishawa saboda raɗaɗi, kuma sinadarin ya bar baƙin tabo a bakin hancinsa wanda ya ɓace daga baya. Mafi wuya shi ne hana shi fyace majina da ƙwaƙular ɓawon ciwon, wanda in ya ɓare kafin lokaci jinin zai dawo.

Tun daga lokacin haɓon ya zama na jefi-jefi, kuma yana tsayawa idan yaron ya sunkuyar da kai gaba aka matse tattausan ɓangaren hancin na minti 10 zuwa 15 ba tare da saki ba. A ganina aikin ya dace da yaron da aka ga jijiyar tasa a fili kuma man shafawa ya gaza, amma ban ga dalilin farawa da shi ba.