Ɗakin wasan da na kai autana a unguwar Zariya

Ruwan da aka tafka a Maraɗi ƙarshen Agustan 2024 ya rushe mana katanga da ɗaki guda a unguwar Bagalam. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdulillahi, amma autana mai shekara 6 bai koma yadda yake ba. Fitsarin kwance ya dawo, hadari na haɗuwa sai ya shige ƙarƙashin gado, a lakkwal kuma ya fara cizon yara. An yi masa tofi, ya sha rubutu, kuma ban raina ba. Ƙanwar maigidana ce, da yake ma'aikaciyar jinya ce, ta haɗa ni da wata madam da ta karanci halayyar ɗan Adam a Yamai, tana jinyar yara ta hanyar wasa a unguwar Zariya, nan Maraɗi.

Ranar farko raina ya ɓaci. Jaka 3 na biya, ban da kuɗin kabu-kabu, sai na tarar da tabarma, faranti cike da rairayi, yumɓu, 'yan tsana da motocin gwangwani. Na ce, "Madam, wasa kam ai a gida ma yana yi." Ta ce, "Hajiya, ki ba ni wata 3. Abin da bakinsa ya kasa faɗa, hannunsa zai nuna mana."

Minti 45 suke yi kowace Asabar, su biyu kawai. A sati na 4 ta bar ni na leƙa ta taga. Ya gina ɗaki da yumɓu, ya sa 'yar tsana ciki, ya ɗauki buta yana tsiyaya ruwa har ɗakin ya zube. Ya sake ginawa, ya sake zubawa. Ba ta hana shi ba, ba ta tambaye shi dalili ba, sai dai ta ce a hankali, "Ɗakin ya faɗi, yaron yana ciki." Ni da ke tsaye ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. A sati na 7 ta gaya mini yanzu sai ya fidda 'yar tsanar tukuna yake zuba ruwan.

Ba ta ba shi ƙwaya ko ɗaya ba. Abin da ya dame ni shi ne kuɗin, don ya yi wa talaka nauyi, kuma wurin jiran iyaye ba rumfa, rana ta gasa ni sosai.

Cizon ya daina, fitsarin ya koma jefi-jefi. Tsawa har yanzu tana firgita shi, amma da damunar bana ta faɗi, jikina ya gudo, ya riƙe mini zane.