Ki koma wurinsa ko ki nemi wani likitan?

'Yar uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce kin daɗe kina jiran ganin likitan ƙashi saboda ciwon baya da ya yi wata guda yana damunki. Da kika shiga bai ba ki lokaci ba, ya ce ba sai an yi hoton MRI ba (hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura), ya rubuta magani da gashin ƙashi ya sallame ki. Yanzu kina tambaya ko ki koma ko ki sauya.

Komawa tana da amfaninta. Fayil ɗinki yana hannunsa, shi ya san maganin da ya ɗora ki a kai, shi zai fi saurin gane ko maganin ya karɓe ki. Kuma ƙin yin hoton ba lallai ne sakaci ba. A ƙa'idar likitoci, ciwon ƙasan baya ba a gaggawar yi masa hoto cikin makonni 6 na farko sai in akwai alamar haɗari, domin yawancinsa yana lafawa da kansa. Hoton ma yakan nuna guringuntsi ya ɗan turo a bayan mutanen da lafiyarsu ƙalau, sai hankalin mutum ya tashi a banza.

Sabon likita kuwa zai dube ki da sabon ido, amma za ki sake jira, ki sake biya, wataƙila a maimaita gwajin da aka riga aka yi. Ba kuma tabbas zai fi na farko sauraro. Matsalar tsohuwa ce: wani bincike da aka yi a Amurka a 1984 ya gano likitoci na katse marar lafiya bayan kimanin sakan 18 da fara magana.

Ni abin da zan duba ɗaya ne: ya taɓa jikinki? Ya kwantar da ke ya ɗaga ƙafarki, ya gwada ƙarfinta, ya tambaye ki ko ciwon na sauka ƙafa, ko kina zazzaɓi, ko kina ramewa? In ya yi, aikinsa ya yi, bayani ne ya gaza. Ki koma da tambayoyinki a rubuce, ki fara da wadda ta fi damunki. In kuwa daga kujerarsa ya yanke hukunci bai duba ki ba, wallahi ban ga dalilin komawa ba. Ki karɓi sakamakon gwajinki da sunayen magungunan ki kai wa wani, haƙƙinki ne.

Amma in ƙafa ta fara rauni, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba ki jin taɓi, ko fitsari da bayan gida suka ƙwace miki, kada ki jira kowanne cikin likitocin biyu. Ki nufi sashen gaggawa nan take.