Motar sojoji ta gwanjo, kanta (Mitsubishi Canter) ko DAF: wacce za ta ciyar da kai a Legas?

Kwanan nan maganar nan ta yi yawa a majalisun direbobi da 'yan kasuwarmu na Agege da Mile 12, kowa sai ya miƙo maka waya ya ce duba, motar sojojin Amurka ce ko ta Jamus an sa ta gwanjo, kuɗinta bai kai na tsohuwar DAF ba kuma ba ta yi wata tafiya ba. Toh ba ƙarya suka yi ba, a can inda ake gwanjon suna da arha, ƙarfen kuma na gaske ne. Amma mota ba a ranar saye ake sanin tsadarta ba, sai ta fara shan gas tana neman taya tana kwana a gareji. Ni dai ra'ayina tun farko shi ne in aikinka kan kwalta yake, daga kasuwa zuwa sito, daga sito zuwa shago, ka manta da ita. In kuwa kuɗinka yana inda sauran motoci ke kafewa ne, to zauna mu yi lissafi.

Da farko ba iri ɗaya ba ne, mutane na haɗa su su ce "motar soja" kawai. Akwai ta Amurka M35, mai aksul uku taya goma, tun wajajen 1950 aka fara ƙera ta. Injinta irin wanda ke ƙona gas da kananzir ne da ma wasu mayukan, wannan shi ke ruɗar mutane su ga kamar sun samu banza. Sai wadda ta fi ta girma, M939, mai ɗaukar tan 5, injin Cummins da giya otomatik ta Allison. Sai kuma na Jamus, Marsandi 1017 mai jan gaba da baya da kuma MAN KAT ɗin nan ƙatuwa mai injin Deutz wanda iska ke sanyaya shi, babu lagireto. Na Ingila su ne Bedford da Leyland DAF, su kuma sai ka buɗe ido don da yawansu sitiyarin dama ne, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙin hannun dama, mota mai sitiyarin dama ba ta halatta a titinmu ba. Juya sitiyarin babbar mota kuma ba aikin da zan so a yi min a bakin titi ba ne.

Abin da masu nuna hoto ba sa faɗa shi ne nauyin motar ita kaɗai ba kaya. M35 ba kaya a kanta tana kai kusan tan 6, abin da aka ƙera ta ta ɗauka a daji kuwa tan biyu da rabi ne, a kan kwalta tan 5. Mai tan 5 ɗin ita kuma nauyinta ya kai kusan tan 10. Kaga kenan gas ɗin da kake zubawa yawancinsa ƙarfe yake ja ba kayanka ba. Ɗauki buhu 50 mai kilo 100, tan 5 kenan, sai ka tambayi kanka ko sai da aksul uku da furfela uku za a kai wannan daga Mile 12 zuwa Oshodi. Kanta mai kyau za ta ɗebe shi a sawu biyu ta dawo ta yi wani lodin, ita kuwa waccan tana nan tana neman inda za ta juya. Shan mai kuma ba a magana, M35 lita ɗaya ba ta wuce kilomita 3 zuwa 4, babbar ma ba ta kai haka, wannan ma a buɗaɗɗen titi ne ba a goslo ɗin Ikorodu Road ba inda za ka yi awa biyu inji na kunne ba ka yi nisan a zo a gani ba. Gas kuwa babu tallafi a kansa, mun ga lokacin da lita ta haura naira dubu, kowa ya ji a jikinsa.

Sai tuƙin kansa, wanda shi maigida ba ruwansa tunda ba shi zai zauna a ciki ba, amma direba zai gudu ya bar maka ita. Tsohuwar M35 sitiyarinta ba fawa, da ƙarfin damtse ake murɗa shi, ka yi tunanin shiga lungun Idi-Araba da ita, ga masu keke napep ta ko'ina ga danfo ta tsaya a tsakiyar hanya ga mai shayi ya fito da benci, sai ka yi gaba ka yi baya sau nawa kafin ka sha kwana ɗaya. Ba esi, rufin wasu ma tamfol ne, ƙarar inji kuwa sai kun ɗaga murya kai da yaron mota. Gudunta bai fi kilomita 85 zuwa 90 a awa ba, wannan ni bai dame ni ba don a Legas ina ma za ka samu wurin gudun. Abin da ya dame ni birki ne. Tsofaffin M35 layin birkinsu ɗaya ne, in bututu ɗaya ya fashe duk ƙafafun sun tafi, kuma man birkinsu na silikon ne, bakanike ya zuba maka na gama-gari a kai ya ɓata komai. Tayoyin soja masu manyan haƙora kuma a laka ne suke sarauta, in ruwan Yuni da Yuli ya jiƙa kwalta santsi suke yi.

Akwai wani abu ƙarami da sai ka je wurin lodi za ka gane shi. Bodin motar soja sama yake sosai, ya kai kafaɗar mutum ko ya fi. Ka tsaya ka kalli 'yan dako suna loda albasa, in motar kanta ce mutum ɗaya zai zo da buhu a ka ya sunkuya ya sauke shi a bodi ya juya, a wannan kuwa sai an sa katako an hau ko mutum biyu su cilla ɗaya ya karɓa daga sama. Za su ce maka "Alhaji wannan sai an ƙara mana", kuma gaskiyarsu ne. Kullum haka, kowane lodi kowane sauke.

Yanzu maganar da ta fi kowacce, kayan gyara. Ka shiga Ladipo, kasuwar kayan gyaran motoci, ka ce kana neman famfon kanta ko kulochin DAF ko fitilar Howo, babbar motar nan ta Chana, kafin ka rufe baki yara uku sun ruga sun kawo maka kala uku, sabo da tokumbo da na Chana. Ka ce kana neman silin aksul na M35 ko wani bawul na iskan MAN KAT, sai a ce ka kawo tsohon a gwada, a yi ta yawo da shi layi layi, ƙarshe a ce sai dai a yi oda. Mota na tsaye, direba na cin albashi, kwastomanka ya kira wani. Wutarsu mai ƙarfin volt 24 ce, wannan ba matsala ba ce sosai don manyan motocin Turai ma haka suke, amma soket da wayarin na soja daban ne, mai gyaran wuta zai yanke ya yi maka haɗe-haɗe. Na Amurka kuma notinansu na inci ne, sai ka nemi makanikan Mack na wajen Apapa da Ijora, su ne ke da irin sifanun. Injin Cummins ɗin dai ana samun masu taɓa shi tunda yana cikin janareto da manyan motoci da yawa, giyar otomatik ɗin ce in ta tashi ciwo za ka san ka sayi mota.

Shi ya sa in dole sai motar soja, ni Marsandi 1017 zan nuna maka. Injinta OM352 ne, dangin wanda ke cikin roka 911 da aka yi ta gina molue, manyan bas ɗin haya na Legas, a kanta a garin nan shekara da shekaru, kuma a da kamfanin ANAMMCO na Enugu ya daɗe yana haɗa manyan Marsandi a ƙasar nan, don haka tsohon bakanike ko ido rufe zai kwance maka shi ya mayar. Taya shida ce ba goma ba, girmanta daidai misali, tana shiga yashi tana shiga laka. Abin da zai ba ka wahala a jikinta bai wuce aksul ɗin gaba da akwatin raba giya ba, su kam ka duba su da kyau kafin ka biya.

Kada kuma ƙarancin tafiyar ya ruɗe ka. Motar da ta shekara goma a ajiye a bariki ba lafiyayya ba ce don ba ta yi tafiya ba, robobi sun bushe, tiyo ya tsattsage, tanki ya yi tsatsa daga ciki. Ka tsuguna ka duba gefen taya, akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2309 to tayar 2009 ce komai kyan haƙoranta, zafin titin Legas zuwa Ibadan zai fasa ta. Ka ninka kuɗin taya ɗaya sau goma ka ɗora a kan farashin motar tun kafin ka ce arha ce.

Sai hukuma. Akwai doka tun 1977 da ta hana farar hula tuƙa mota mai launin koren soja, don haka fenti dole ne kafin ta hau titi, ba wai in an samu kuɗi ba, kuma a cire duk wata lamba da tambari da maƙalar bindiga. Shigo da kayan da suka shafi soja kuma yana buƙatar takardar izini ta EUC daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ka sa ejan ɗinka ya tabbatar maka da matsayin motar a rubuce tun tana can, ba sai ta sauka tashar jiragen ruwa ta Tin Can kuɗin ajiya na hawa kullum ba. Ta kan iyakar ƙasa ma ba hanya ba ce, tun 2017 aka hana shigo da motoci ta nan. In kuma a nan gida wani ya ce maka ta gwanjon bariki ce, ka ga takardar gwanjon da idonka da rasit da lambar shasi duk sun yi daidai, in babu ka bar masa kayarsa ko nawa ya rage. Ko da takardunka sun cika ka sani mota mai wannan siffar duk shingen da ta zo sai an tsayar da ita, jami'an titi na LASTMA da VIO da 'yan rod sefti kowa zai so ya ga mece ce wannan.

To wa ya kamata ya saya? Mai kai bulo da siminti da rodi cikin sabbin filayen Ibeju-Lekki da Epe da bayan Badagry inda titi ya ƙare yashi ya fara, mai aikin rijiyar burtsatse da ke jan kwamfresa zuwa ƙauyuka, mai gona ko mai katako a cikin Ogun da damina. A irin wuraren nan tifa ta kafe sai an kira wata ta ja ta, kai kuwa za ka shiga ka fita kuma kai za ka yanka farashi tunda ba mai gasa da kai. Ko a nan ɗin ma ta zama mota ta biyu, kana da wata da ke kawo kuɗin cefane ranar da wannan ke jiran kaya.

Mai rarraba kaya cikin gari kanta ko daina (Toyota Dyna) ta ishe shi, mai dogon zango Kano ko Sakkwato DAF ce ko MAN ta farar hula, mai yashi da dutse kuma Howo, wadda ake haɗawa a nan Ikeja kuma kayanta ko'ina akwai, duk da ba ta da juriyar ta Turai in direba ba ya kula. In har yanzu ranka na kan ta sojan, ka ɗauki bakaniken da zai riƙa gyara maka ita ku je tare, a loda mata kaya a hau gada da ita a taka birki a gangara, sannan ka rubuta abu biyar da suka fi lalacewa a mota ka shiga Ladipo ka tambayi farashinsu kafin ka tura wa kowa ko sisi.