Akwatin rubutu 40 a fom ɗaya: kowanne da nasa umarnin, ko a haɗa su a Class Module?

Wani ɗan'uwa ya tambaya: yana da UserForm (fom ɗin shigar da bayanai) a Excel mai akwatin rubutu 40, yana so kowanne ya karɓi lambobi kawai. Sai ya rubuta KeyPress, wato umarnin da ke tashi in an danna maɓalli a akwati, sau 40 ke nan?

Malam, VBA (harshen rubuta umarni a Excel) ba ta da tsarin nan na VB6 (tsohon Visual Basic 6) da ake ba akwatuna da yawa suna ɗaya, Index ya rarrabe su. Shi ya sa hanyoyin biyu ne.

Ta farko, ka rubuta Sub (dunƙulen umarni mai suna) guda da ke duba KeyAscii, wato lambar harafin da aka danna: in bai faɗa tsakanin 48 da 57 (na 0 zuwa 9) ba, ya mayar da shi 0 don kada harafin ya shiga. Sai KeyPress na kowane akwati ya kira shi da layi ɗaya. Ba wuya, kuma Enter, Exit, BeforeUpdate da AfterUpdate, masu tashi lokacin shiga akwati, fita daga cikinsa ko sabunta abin da ke ciki, duk suna hannunka. Illarta, ranar da ka sauya wa akwati suna, tsohon umarninsa zai daina aiki shiru, ba gargaɗi. Akwatin da aka ƙirƙira da Controls.Add fom na gudana kuwa ba ta san da shi ba sam.

Ta biyu, ka buɗe Class Module, ka sa masa suna, misali clsAkwati, ka rubuta:

Public WithEvents Akwati As MSForms.TextBox

A nan za ka rubuta Akwati_KeyPress sau ɗaya tak. A UserForm_Initialize, wanda ke gudana yayin buɗe fom, ka bi Me.Controls (jerin abubuwan da ke kan fom) ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda TypeName ɗinsa TextBox ne, ka yi New clsAkwati, ka ɗaura masa akwatin da Set, ka zuba shi a Collection, wato ma'ajin da zai riƙe su duka. In wasu akwatunan na suna ne ba na lamba ba, ka sa alama a Tag ka tace da ita.

Inda aka fi faɗawa shi ne wurin ayyana Collection ɗin. Dole ya zama a can saman fom, ba a cikin Initialize ba. In yana ciki, da zarar Sub ya ƙare VBA za ta share shi da duk abin da ya riƙe, akwatunan su koma karɓar komai. Haka New clsAkwati: a kowane zagaye sai an yi sabo, in ba haka ba akwati na ƙarshe kaɗai zai amsa. WithEvents kuma ba ya aiki a Module na yau da kullum.

Amma hanya ta biyun tana da rami: MSForms.TextBox ba ya ba da Enter, Exit, BeforeUpdate da AfterUpdate ta wannan hanya, domin su na MSForms.Control ne. Change, KeyPress, KeyDown da MouseDown suna nan.

Ga aikinka, mu Class Module muka zaɓa ba tantama. Sai dai KeyPress ba ya ganin abin da aka manna da Ctrl+V, saboda haka ka ƙara dubawa a Change, mai tashi duk lokacin da rubutun akwati ya sauya. Da zarar ka gyara rubutu daga cikin Change, zai sake kiran kansa, kuma Application.EnableEvents ba ya tasiri a kan UserForm. Ka yi amfani da Boolean naka (alamar True ko False) ka tare wannan maimaitawar. Akwati biyu ko uku da ke buƙatar Exit, su ka rubuta musu nasu a jikin fom.