UMIK-1, makirufon auna sautin ɗaki

Makirufon awo ne na kamfanin miniDSP, kuma ya cancanci kuɗinsa. Ta USB ake jona shi da kwamfuta, sannan a buɗe REW, manhajar awon sautin ɗaki, wadda kyauta ce. Da farko a sauke fayil ɗin daidaitawa, mai gyara kuskuren awonsa, da lambar da ke jikin makirufon: na digiri 0 idan ya fuskanci lasifika, na digiri 90 idan ya kalli rufi. In aka musanya su, awon siririn sauti zai karkace.

A ɗaki mai tsawon mita 5, yakan nuna kumburin bes, wato kakkauran sauti, wajen 34 Hz (kaɗawa 34 a daƙiƙa), saboda sautin da ke kai-komo tsakanin bangaye. Aibinsa ɗaya, ƙafar da ake ɗora shi a kai gajera ce. A nemi doguwa ta kai tsayin kunne. A kashe fanka kafin awo.