Gargaɗi ga ɗaliban kemistiri: mai “gwajin FTIR” ya cinye min naira 48,000

Jama'a, musamman masu furojet, akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp yana cewa yana yi wa ɗalibai gwajin FTIR (gwajin da na'ura ke haska samfur, ta fitar da zane mai tsini-tsini da ke nuna irin sinadarin da ke cikinsa) a farashi mai sauƙi. Macuci ne. Ya karɓi naira 48,000 a hannuna, ya turo min sakamakon ƙarya, ya sa na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba a gaban malamina. Naira 48,000, samfur shida, kowanne 8,000. Kuɗin ma rantowa na yi.

Aikina a kan man darbejiya ne, ina mayar da shi bayodizil, wato dizil da ake haɗawa daga man tsirrai. Samfur ɗaya ɗanyen mai ne, biyar kuma waɗanda na haɗa da mitanol. Abin da nake nema a zanen a fili yake. Mai da bayodizil duka esta ne, wato rukunin sinadarai ɗaya, dole a ga tsinin kabonil (C=O) mai ƙarfi a wajen 1740 cm⁻¹ a ma'aunin zanen, da na C–H tsakanin 2850 da 2930. Idan haɗin ya yi, sai sababbin tsini su fito a wajen 1435 da 1195, alamar O–CH₃, waɗanda babu su a ɗanyen mai. Wannan bambancin kaɗai nake so in gani. Shi na biya wa 48,000.

Dakta, wato malamina, ya shimfiɗa takardun sakamakon a kan teburinsa, ya ɗora bakin biro a kan 1740, ya ɗago ya dube ni ya ce, “Ina kabonil ɗinka?” Babu. Wurin a shafe yake. Sai wani faffaɗan kwari a wajen 3300, irin na O–H, da tsini biyu a 1045 da 1085. Ya ce, “Wannan ai itanol ne.” Wato wani sinadari daban, ba mai ba, ba bayodizil ba. Sannan ya ɗauki takarda ta ɗaya da ta huɗu ya haɗa su, ya ɗaga su wajen hasken taga. Layi ya hau kan layi, har ƙananan karkarwar da ke ƙasa da 1500, yankin da kowane sinadari yake da nasa zanen daban. Duk shidan zane ɗaya ne, sunan sama kawai aka canja. Akwai ɗalibai a ofishin a lokacin. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Kuma kada wani ya zo ya ce min me ya sa na yarda da shi. Ku ji yadda ya yi min magana tukuna. Da na kira shi, abin da ya fara tambaya shi ne, “Malam, samfurin naka ruwa ne ko gari?” Na ce mai ne. Ya ce, “To ba sai mun yi da KBr ba, ATR za mu yi, ɗigo ɗaya ya isa.” KBr da ATR hanyoyi biyu ne na ɗora samfur a na'urar. Sai ya ƙara da cewa in tabbatar na busar da shi sosai bayan wanki, don ragowar ruwa zai fito a 3400 ya ruɗa ni. Wane ɗan damfara ne ya san wannan? “Ɗigo ɗaya ya isa.” Maganar nan har yanzu tana min yawo a kunne. A nan na sakankance, a nan na tura kuɗin. Duk wanda ya san aikin, idan ya ji haka zai ce ma'aikacin ɗakin gwaji ne.

Tun kafin nan ma sai da na bincika. Na'urar sashenmu ta daɗe a lalace, lokacin miƙa aiki ya matso, a guruf ɗin kuma wasu lambobi biyu sun yabe shi, sun ce ya yi musu aiki mai kyau. Yanzu su ma sun fice daga guruf ɗin rana ɗaya da shi. Ya turo min hoton na'ura, da hoton kwalabena a kan benci bayan direban da na ba saƙon a tasha ya kai masa. Rabin kuɗi na so in fara bayarwa, ya ce wurin aikinsu ba a ɗora samfur sai an biya duka. Na tura 48,000 cif.

Sakamakon da dare ya zo, zanen ƙarami kuma dishi-dishi, amma a ƙarƙashinsa ya jera jadawali tsaf: 1742 esta, 2924 C–H, 1436 O–CH₃. Daidai abin da ake tsammani. Ashe da hannu ya rubuta lambobin, ba su da wata alaƙa da zanen da ke samansu. Sai da aka buga shi babba a takarda ƙaryar ta fito. Ya yi min sakiyar da ba ruwa, kuma da ilimi ya yi ta, shi ne abin da ya fi ƙona min rai.

Na kira shi daga ƙofar ofishin Dakta, ya ce kuskuren fayil ne, zai gyara kafin magariba. Bayan isha'i ya toshe ni. Kuɗi sun tafi, samfurin ma ya tafi. Sai na sake neman 'ya'yan darbejiya, in ɓare, in matse mai, in sake haɗi daga farko.

Kada ku biya kowa sai kun ga na'ura da idonku. Ku nemi asalin fayil ɗin da ya fito daga kwamfutar na'urar, ku karanta zanen, ba jadawali ba.

Hotunan hirarmu, da shaidar tura 48,000 ɗin, da zanen shida duk suna hannuna, zan ɗora su a nan yau in sha Allah. Duk wanda mutumin nan ya yi wa irin wannan ya neme ni, mu haɗa shaidu mu kai ƙara tare. Ban yafe ba.